Tukunyar Zariya da Kogin Miga

Duk wanda ya taɓa kai niƙa a Miga, ko Jahun, ko wani ƙauye na bakin Kogin Haɗeja, ya san duron nan da ake girkewa a gefen tsohon injin dizal. Tiyo biyu ne suke haɗa shi da injin, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. In injin ya ɗau zafi, ruwan da ke jikinsa sai ya rage nauyi ya hau ta tiyon sama ya zube cikin duro, mai sanyi kuma ya gangaro ta tiyon ƙasa ya maye gurbinsa. Ba famfo, ba mai turawa, zafin ne da kansa yake kora ruwan. Mai injin bai taɓa zama a ajin kimiyya ba, amma ya san in ruwan duro ya sauka ƙasa da bakin tiyon sama zagayen ya tsaya, injinsa kuma na gab da bugawa. Shi ya sa tun kafin mata su fara jera kwanuka yake tura yaro rijiya da bokiti.

Da wannan dabarar ake sanyaya tukunyar nukiliya ɗaya tilo da Nijeriya ta mallaka. Tana Zariya, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka fi sani da CERT, kuma tun ranar 3 ga Fabrairu 2004 take aiki. Da yawa daga mutanen kwarinmu ba su san da zamanta ba, waɗanda suka ji labarinta kuma suna zaton ɗakin haɗa bam ne. Amma tarihinta ya shafe mu. Hukumar da aka kafa domin nukiliya da hukumar da ke riƙe da linzamin kogin da ya ratsa gonakinmu, shekara ɗaya aka yanke musu cibiya, gwamnati ɗaya ce ta haife su, kuma ilimi ɗaya ne ya kamata ya yi musu jagora, wato ilimin yadda ruwa yake tafiya.

Da tsoro maganar nukiliya ta shigo ƙasar nan. Ranar 13 ga Fabrairu 1960, saura wata bakwai da 'yan kwanaki a sami mulkin kai, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Lokacin hunturu ne, iska daga arewa take kaɗowa, kuma duk ɗan ƙasar Hausa ya san ƙurar da ke toshe masa hanci a wannan lokaci daga Sahara take tasowa. Wa zai ce ba ta ɗauko guba ba? Faransa ta maimaita a Afrilu, ta sake a ƙarshen Disamba. A Janairu 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa daga Legas, ta kuma rufe wa jiragen Faransa na ruwa da na sama ƙofa. Daga wannan fargaba ne aka kafa sashen auna burbushin nukiliya a Jami'ar Ibadan a 1964, shekarar da Nijeriya ta shiga Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, mai mazauni a Biyana. Ba a jima ba kuma, a 1971, aka fara haƙo yuraniyom a Arlit da ke arewacin Nijar, inda Hausawan Maraɗi da Damagaram da Tawa suka yi ta zuwa neman aiki. Ma'adinin da ke kunna fitilun Faransa daga bayan gidanmu ya riƙa fita, mu kuwa ko ɗalibi goma da suka san yadda ake sarrafa shi da wuya a tara a lokacin.

Sai 1976. Kuɗin fetur sun cika baitulmali, Janar Murtala ya rasu a Fabrairu, Janar Obasanjo ya hau. Indiya ta gwada nata bam a 1974, gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu kuma ta ƙulla ciniki da Faransa a kan gina tashar Koeberg, ana kuma raɗe-raɗin tana neman makami. Cikin wannan yanayi aka fitar da doka mai lamba 46 wadda ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya. A shekarar dai, doka mai lamba 25 ta raba ƙasar zuwa hukumomin raya kogi goma sha ɗaya, ciki har da ta Haɗeja da Jama'are. Tagwaye ke nan, amma halinsu ya sha bamban. Ta nukiliya a takarda ta tsaya, shekara talatin ba ofis na kirki ba ma'aikata, sai dai cibiyoyi biyu da aka buɗe a ƙarshen shekarun 1970, ɗaya a Ile-Ife ɗaya a Zariya, aka kuma tura matasa ƙasashen waje karatu. Ta kogi kuwa ta tarar da aiki ya riga ya yi nisa.

Gwamna Audu Baƙo, lokacin Miga tana cikin tsohuwar Jihar Kano, ya riga ya datse Kogin Kano a Tiga, an kammala a 1974. Ba wanda zai ga laifinsa idan ya tuna farin 1972 da 1973, da yadda shanu suka yi ta faɗuwa, da yadda birnin Kano yake kukan ruwan sha. Tiga ta shayar da Kano, ta raya Kadawa da Kura da Bunkure, tumatir da alkama da shinkafa suka samu. A 1992 aka ƙara datse Kogin Calawa a yankin Ƙaraye. Waɗannan koguna biyu su ne suke haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja, ya biyo ta Ringim, ya iso wajenmu, ya wuce Auyo da Haɗeja, ya je ya sadu da ruwan Jama'are kafin Gashuwa, daga nan a miƙa sai Tafkin Cadi. An auna ƙarfin bangon madatsa, an auna yawan kadadar da za a shayar a sama. Abin da zai sami kogin a ƙasa, bayan kilomita ɗari ko ɗari biyu, shi ne bai sami lissafin da ya kamata ba. Zan dawo kan wannan.

Ilimin tafiyar ruwa a jami'o'i tsoho ne, ya girmi nukiliya da fiye da shekara ɗari. Wani Bafaranshe injiniyan gadoji, Navier, a 1822, da wani malamin lissafi na Kambirij, Stokes, a 1845, su ne suka rubuta ƙa'idojin da ke bayyana motsin duk wani abu mai gudana, ruwa ne ko iska ko mai. Rubuta su ya yi sauƙi a kan warware su: har a shekarar 2000 wata cibiyar lissafi a Amurka ta sa ladar dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya amsa wata tambaya guda a kansu. A 1883, a Mancesta, Osborne Reynolds ya ɗura siririn zaren tawada cikin bututun gilashi mai ruwa. In ruwan na tafiya a hankali, zaren ya miƙe sumul kamar an ja layi. In aka ƙara gudu, sai ya wargaje ya dame ruwan duka. Masu fito sun san wannan bambanci tun kaka da kakanni, sun san ruwan da ke kwance da wanda ke murɗawa, kuma sun san a wanne ake rasa jirgi. Reynolds lamba ya ba shi, yadda za a iya faɗin inda sauyin zai faru tun kafin a gina bututun. A 1889 wani injiniyan magudanai a Ailan, Robert Manning, ya fitar da lissafin gudun ruwa a kogi ko kwata, ya sa a ciki wata lamba da ke wakiltar kaushin hanyar: siminti mai santsi lambarsa ƙarama, kogi mai ciyawa lambarsa babba, ruwansa kuma a hankali zai tafi. A riƙe wannan lamba, domin ita ce ciyawar kacala a harshen injiniyoyi.

Akwai na ƙarshe, wanda ya fi shafar tukunyar nukiliya. A 1934 wani malamin Japan, Nukiyama, ya tsoma waya cikin ruwa yana ƙara mata wuta a hankali. Da farko ruwan na tafasa yana kwashe zafin da kyau. Amma akwai wani mataki da in aka wuce shi tururi yake lulluɓe wayar kamar riga, ruwa ya daina taɓa ta, nan take ta yi ja ta narke. Mai waina ta san haka: in tanda ta yi zafi fiye da kima, ɗigon ruwa ba ya ƙonewa nan da nan, rawa yake yi a kanta, domin tururinsa ya raba shi da ƙarfen. Duk ilimin sanyaya tukunyar nukiliya, in aka tace shi, ƙoƙari ne na kada a kai wannan mataki.

Tukunyar farko a duniya ma a jami'a aka gina ta, ƙarƙashin dandalin wasanni na Jami'ar Cikago, inda Enrico Fermi da abokan aikinsa suka kunna ta ranar 2 ga Disamba 1942. Ba ta buƙaci sanyaya ba, don zafinta bai kai na ƙaramin ƙwan tocila ba. Da tukwane suka girma sai ruwa ya zama shi ne rai. Ƙwayar zarra ta yuraniyom in ta tsage tana fitar da zafi da wasu 'yan ƙwayoyi biyu ko uku da ake kira niyutiron, su kuma su je su tsaga wasu. Ana iya tsayar da wannan sarƙa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Abin da ba a iya kashewa shi ne tokar da ta rage a cikin sandunan, wadda take ci gaba da fitar da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na zafin farko a lokacin da aka kashe, sannan ya riƙa raguwa a kwanaki da watanni. Kamar garwashin da aka rufe da toka ne, sai dai garwashin babbar tasha ya isa ya narkar da ƙarfe. A Three Mile Island ta Amurka, ranar 28 ga Maris 1979, wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwa ya yi ta zurarewa, ma'aunai suka ruɗi masu aiki har suka rage ruwan agaji da hannunsu, kusan rabin cikin tukunyar ya narke. A Fukushima ta Japan, ranar 11 ga Maris 2011, tukwanen sun kashe kansu lafiya da girgizar ƙasa ta zo, amma igiyar teku ta shanye janaretocin da ke juya famfuna, uku suka narke. Ta Carnobil kuwa, a 26 ga Afrilu 1986, ƙirarta ce mai mugun hali: in ruwanta ya zama tururi, ƙarfinta ƙaruwa yake yi maimakon ya ragu.

Ta Zariya an zaɓe ta ne domin ba ta da ko ɗaya daga waɗannan halaye. Ƙirar ƙasar Sin ce, wadda Cibiyar Makamashin Nukiliya ta Beijing ta fara kunna irinta a 1984, bisa salon wata ƙaramar tukunya ta Kanada. Pakistan da Iran da Gana da Siriya duk sun riga mu samun irinta. Tamu ta daɗe a hanya. An gama gini, kayan aiki sun iso, amma ba mai ba ka yuraniyom alhali ba ka da hukumar da za ta sa maka ido. Dokar kafa hukumar sa ido an yi ta tun 1995, sai a 2001 ta fara aiki, ƙarƙashin Farfesa Shamsideen Elegba, wanda shi ma daga cibiyar Zariya ya fito. Daga dokar 1976 zuwa ranar da tukunyar ta kama, shekara ashirin da takwas ke nan, ba 'yan watanni. An yi bikin buɗe ta a ƙarshen Satumba 2004, aka raɗa mata suna NIRR-1. A 2006 Obasanjo, wanda ya dawo a farar hula, ya tayar da hukumar da ya sa wa hannu yana soja.

In aka ce tukunyar nukiliya, mutum yakan zaci wani gini ne mai tsawon Dala. Zuciyar ta Zariya ba ta fi ƙaramin bokitin fenti ba: faɗinta da tsayinta kowanne kimanin santimita 23. A zuciyarta ta farko an jera siraran sanduna 347, kowanne bai kai kaurin fensir ba, ɗauke da yuraniyom kusan kilo ɗaya wanda aka tace har kashi 90 cikin 100. An kewaye su da wani ƙarfe mai suna beriliyom da ke mayar da niyutiron ciki in sun nemi tserewa. Sanda ɗaya tak ta kadmiyom ce a tsakiya, in an ɗaga ta wuta ta tashi, in an sauke ta mutu. Duka wannan yana ƙasan wata doguwar tukunyar alminiyom cike da tataccen ruwa, kusan mita biyar a ƙarƙashin ruwa, ita kuma tukunyar an rataye ta cikin wani tafki na siminti. Ƙarfinta na farko kilowat 30 ne, wato zafin dutsen guga talatin in an kunna su tare. Ba ta ba da lantarki ko na ƙwai ɗaya, ba kuma don haka aka yi ta ba.

Ruwan nan aiki uku yake yi a lokaci guda, kuma nan ne daɗin karatun yake. Shi ne garkuwar da ke tsare mutanen da ke tsaye a sama daga haskoki masu cutarwa. Shi ne mai kwashe zafi: yana shiga ta wata 'yar siririyar kafa a ƙasan sandunan, ya ɗumama, ya fita ta wata kafar a sama, ya huce a jikin bangon tukunya, ya sake gangarowa, tamkar duron mai niƙa. Sannan shi ne mai rage wa niyutiron gudu, domin in ba a rage musu ba wucewa suke yi ba tare da sun tsaga komai ba. To ga hikimar. Da gangan masu ƙirar suka matse kafofin nan, don ruwan da ke tsakanin sandunan ya yi saurin ɗumama. In ya ɗumama sai ya saki jiki, nauyinsa ya ragu, ya kasa tare niyutiron yadda ya kamata, wutar ta lafa da kanta. Ko da mai aiki ya zare sandar kadmiyom gaba ɗaya ya fita ya bar ɗakin, ƙarfin zai tashi, ruwa ya yi zafi, ya danne shi. Farashin wannan aminci shi ne tukunyar ba ta iya yini tana aiki da cikakken ƙarfi. Bayan 'yan sa'o'i sai ta gaji, a bar ta ta huce. In shekaru suka ja, yuraniyom ya fara raguwa, sai a ƙara mata faifan beriliyom a sama ta farfaɗo.

Babban aikinta na yau da kullum bincike ne. Ana ɗura ɗan samfurin ƙasa, ko dutse, ko hatsi, ko garin maganin gargajiya, ko lakar kogi, cikin ƙaramin kwanson roba, iska ta harba shi ta bututu zuwa gefen zuciyar, niyutiron su yi masa wanka, a dawo da shi. Kowane sinadari da ke cikinsa sai ya riƙa fitar da haske irin nasa, na'ura ta karanta, a san ko akwai zinariya, ko arsanik, ko wani ƙarfe mai guba, ko da ƙwaya ɗaya ce cikin miliyan. Amma ita kanta tukunyar ta zama allo. Ɗaliban digiri na biyu da na uku daga sashen fiziks da sassan injiniya sun yi ta rubuta kundaye a kanta: a auna zafin ruwa a mashiga da mafita, daga bambancin a lissafo yawan ruwan da ke ratsawa da ainihin ƙarfin da tukunyar ke bayarwa, a kwatanta da abin da manhajar kwamfuta ta hango. Farfesa Sunday Jonah, wanda ya daɗe yana kula da tukunyar, da Farfesa Yusuf Aminu Ahmed, wanda ya shugabanci cibiyar daga baya kuma ya shugabanci hukumar ta ƙasa, suna cikin waɗanda suka wallafa irin wannan bincike. Duk lokacin da aka kunna ta akwai littafin da ake rubuta zafi da lokaci da matsayin sanda, kuma masu sa ido na gida da na Biyana suna zuwa su duba. Ban san wani ruwa a arewacin Nijeriya da aka auna kamar 'yan gangunan nan na Zariya ba.

Yanzu mu koma kogi, mu ga abin da lambar Manning ta yi mana. Kafin madatsu, Kogin Haɗeja mai numfashi ne. A Agusta da Satumba ya cika ya tumbatsa ya malale fadamu, ya bar laka mai taki da kifi a tafkuna. Da rani ya ƙafe, yashi ya fito, shanu su tsallaka, duk ciyawar da ta tsiro a cikinsa rana ta ƙone ta. Babbar ambaliyar shekara kuma ita ce tsintsiyar da ke share masa hanya. Da aka datse shi, sai aka rage masa ƙarfin damina aka ƙara masa ruwan rani. Ruwa marar zurfi, mai tafiya a hankali, wanda ba ya yankewa duk shekara: ba abin da kacala take so kamar wannan. Ta kafu, ta rage wa ruwa gudu. Ruwan da ya rage gudu ya sauke yashin da yake ɗauke da shi. Yashin ya cike hanya ya ƙara wa kacala wurin zama. A tukunyar Zariya zafi shi ke kashe zafi. A koginmu toshewa ita ke haifar da toshewa. Reshen da ke ɓallewa ta yankin Miga ya nufi Kafin Hausa ya cushe, haka tsohuwar hanyar kogin a ƙasan Haɗeja, ruwa ya karkata ya danne wasu garuruwa duk shekara, wasu kuma da suka saba da shi suka koma kallon busasshiyar fadama. Ga jan-baki da ya sami masauki cikin kacala, yana fitowa da asuba ya sauka a kan shinkafa, yara su yini suna kaɗa gwangwani.

Jami'o'i sun zo, amma bayan aikin gama ya gama. Daga 1987 aka fara shirin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru, masana irin su Ted Hollis na Jami'ar Landan da William Adams na Kambirij da Muhtari Aminu-Kano suka tattara awon ruwa da hotunan sama, suka fitar da littafi a 1993. An nuna cewa filin da ruwa ke malalewa, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 a shekarun kirki kafin madatsu, ya koma ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990, kodayake ƙarancin ruwan sama ma ya sa hannu. Masanin tattalin arziki Edward Barbier ya yi wani lissafi da ya kamata a ce an yi tun 1970: in aka haɗa noma da su da itace, kowane ma'aunin ruwa ya fi kawo amfani in aka bar shi ya isa fadama a kan in aka tsare shi a manyan gonakin sama. Masu binciken kuma sun yi ta cin karo da giɓi a littattafan awon kogi na Wudil da Haɗeja da Gashuwa. A ganina nan ne tagwayen 1976 suka fi rabuwa. Wadda duniya ke tsoro an hana ta motsi sai da aka lissafa kowane digiri. Wadda ke ɗauke da abincin miliyoyin mutane an sake ta, don ruwan kogi ba ya ba kowa tsoro a Biyana.

Ba wai mutanen Jigawa ba su da kai a wannan fanni ba. Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ruwa na tsattsafowa yana bin iska yana tafiya da zafi, gauta da tumatir su yi kwanaki ba su lalace ba. Ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Dogayen hasumiyoyin da ake gani suna tururi a manyan tashoshin nukiliya wannan aikin randa suke yi. Kuma nan ne mafarkin lantarkin nukiliya yake karo da gaskiyar ƙasarmu. Irin tukunyar da Rasha ke tallatawa, wadda Nijeriya ta sa hannu da kamfanin Rosatom a kanta a 2017, tana ba da megawat 1,200 na lantarki daga zafin da ya kai kusan megawat 3,200, wato ta ninka ta Zariya wajen sau dubu ɗari. Kusan kashi biyu cikin uku na zafin nan zubar da shi ake yi, a teku, ko a babban kogi, ko ta hasumiyar da ke shanye ɗaruruwan litoci kowace daƙiƙa. Shi ya sa wuraren da aka ambata su ne Geregu a Jihar Kogi, bakin Kwara, da Itu a Akwa Ibom. Koeberg da El Dabaa ta Masar duk a bakin teku suke. Faransa ma, da kogunanta, takan rage ƙarfin wasu tashoshi in bazara ta tsananta, kamar yadda ta yi a 2003 da 2022. Kogi marar zurfi irin namu ba zai ga irin wannan tasha ba, ko ɗa ko jika. Abin da zai iya samu shi ne mutanen da aka horar a kan tukunyar Zariya, tunda ɗalibin da ya iya lissafin ruwa tsakanin sanduna 347 ba zai kasa lissafinsa tsakanin tushen kacala ba, ga kuma jami'a a Dutse tun 2011, ga wata a Kafin Hausa, a bakin reshen da ya toshe.

Jarrabawa mafi girma da masu lissafin Zariya suka fuskanta ta zo ne ta wata hanya dabam. Yuraniyom mai kashi 90 irin wanda ake bam da shi ne. Kilo ɗaya bai isa bam ba, amma bayan harin 11 ga Satumba 2001, sannan ga rikicin Boko Haram, manyan ƙasashe ba su son ko kaɗan ya kwana a harabar jami'a. Aka shirya musanya shi da wanda aka tace kashi 13 kawai. Sauya zuciyar tukunya ba kamar sauya batir ba ne. Tsofaffin sandunan gaurayen yuraniyom da alminiyom ne, irin wanda maƙeran fari ke zuba tukwane da shi, mai saurin miƙa zafi amma mai narkewa a wajen digiri 660. Sababbin kuwa kamar tangaran suke, ba su miƙa zafi da sauri, sai dai rigarsu ta zarkoniyom tana jure fiye da digiri 1,800. Sun fi tsofaffin yawan yuraniyom, kuma sai an ɗaga ƙarfin tukunyar zuwa kilowat 34 kafin samfura su sami yawan niyutiron da suka saba samu. Shin kafofin nan matsattsu za su wadatar? Yaya zafin jikin sanda zai kai in aka zare kadmiyom gaba ɗaya? Ina tazara tsakanin aiki na yau da kullum da matakin nan na Nukiyama? Fiye da shekara goma malaman Zariya, da takwarorinsu na Gana da Sin da ɗakin binciken Argonne na Amurka, suna juya waɗannan tambayoyi a kwamfuta, ƙarƙashin inuwar IAEA. Gana ta riga ta yi nata a 2017, kuma a can ma'aikatanmu suka je suka yi ta gwajin ciro zuciya a kan tukunyar kwaikwayo har hannunsu ya faɗa.

Daminar 2018 ta zo da ruwa. A Satumba kogi ya ɓalle jinga ya shiga Ringim da Jahun da Miga da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja da Guri, shinkafar da ta fara fitar da kai ta nutse, gidajen ƙasa suka zube, mutane suka koma azuzuwan firamare. A ƙarshen Oktoba, ruwan bai gama janyewa daga gonakinmu ba, aka zagaye cibiyar Zariya da sojoji, aka ciro tsohuwar zuciyar daga ƙasan tafki aka zura ta cikin tulun ƙarfe mai nauyin tan-tan. A farkon Nuwamba sabuwar ta kama, kuma awon da aka yi ya zo kusa da abin da lissafi ya faɗa. A farkon Disamba wani ƙaton jirgin dakon kaya ƙirar Antonov ya tashi da tulun zuwa ƙasar Sin, daga ranar kuma ba sauran tukunyar bincike a Afirka da ke aiki da yuraniyom irin na bam. A wannan makon, a fadamar Miga, an fara watsa alkama a kan danshin da ambaliyar ta bari, samari kuma sun shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, aikin gayya, suna saran kacala don ruwan rani ya sami hanyar isa gonakin ƙasa.